Katangar Baba Gajera Ce

Litinin, 5 ga Satumba 1960, bayan la'asar

Injin gidan ƙanƙara ya sake shaƙewa yau. Daga tagar ajinmu nake hango hayaƙinsa. Da safe siriri ne, ruwan toka, kamar na mai hankali. Ana kiran azahar sai ya koma baƙi ƙirin. Ina koya wa 'yan mata lissafin kusurwa, su suna kallon allo, ni ina kallon taga.

Maigidana Injiniya ya dawo da baƙin mai har gwiwar hannu. A littafin nan kaɗai nake kiransa haka. A gida Malam ne. Mika'ilu kuwa sunan da ke kan takardun kwamiti ne, ba ya fita daga bakina.

Na ajiye masa tuwo, ya ce ya ci a wurin aiki. A wurin aikinsa babu abin ci sai ɗanyen nama da ƙanƙara.

Talata, 6 ga Satumba, da hantsi

Kwamitin fataken nama da suka gina gidan ƙanƙara sun yanke magana. Baturen da ke riƙe da injin, wanda ma'aikata ke ce wa Mai Lofe, zai tafi ƙasarsu bayan bikin 'yancin kai. Naman bikin a ɗakin sanyi za a ajiye shi. In injin ya riƙe har a gama, kujerar ta Injiniya ce. In ya shaƙe nama ya lalace, za su ɗauko wani daga Ikko, shi kuma ya koma Zariya inda ya koyi aiki, ya ci gaba da miƙa wa wasu sifana.

Ba shi ya faɗa mini ba. Matar Arzika mai walda ce ta faɗa wa mai kawo mana nono.

Ina so in rubuta yadda abin yake, ko don in daina juya shi a kai. Injin nan yana da wata fanka da hayaƙinsa ke juyawa, ita kuma ta zuƙo iska ta ɗura masa. Ma'aikata na ce mata zugazugi. Da ita yake samun ƙarfin da ya fi girmansa, amma ita ma ta mai da shi mai haɗamar iska. An ƙera shi a ƙasar sanyi, matacin iskarsa a jikinsa, yana shaƙar iskar ɗakin da yake ciki. A bazarar Sakkwato ɗakin nan tanda ne. Shi ya sa a watan Afrilu Mai Lofe ya ce wa Injiniya ya zana hanyar da injin zai sha iskar waje, a ga abin da zai iya.

A kan tabarmar nan aka yi zanen, da rular makarantarmu. Bututun ƙarfe mai faɗi, ya fasa bangon gabas, lanƙwasa ɗaya tak mai laushi, ya miƙe sama ya wuce rufi inda iska ke da sanyi. Mataci a can sama da malafar kare ruwa. Roba kuwa ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, a mahaɗa biyu kawai, don ta shanye girgizar inji, kowace da ɗamarar ƙarfe a bayan leɓen bututu.

Ni na zana, shi ya kwafe da hannunsa. Mai Lofe ya ce bai san ana koyar da irin wannan a Zariya ba. Ba a koyarwa.

Alhamis, 8 ga Satumba, azahar

Baƙi.

Lahadi, 11 ga Satumba, bayan magariba

Injiniya ya faɗi wata magana ɗazu. Ba zan rubuta ta ba.

Na wanke kwanonin da aka riga aka wanke.

Litinin, 12 ga Satumba, da yamma

Na sake lissafin daga farko. Yawan iskar da injin ke sha in an ɗora masa kaya duka, faɗin bututu, abin da lanƙwasa ke ci, abin da mataci ke ci in ya yi datti. Na sake yi ta wata hanyar. Amsa ɗaya ce. Bututun nan zai shayar da inji ɗaya da rabi.

A Ibadan akwai wani malami da kan ce in lissafi da duniya suka saɓa, duniya ce ke da gaskiya. Ban taɓa son mutumin ba.

Shugabar makaranta ta raba mana yadi kore da fari, kowane aji ya ɗinka tutoci. 'Yan ajina sun ɗinka nasu korensa ya fi farinsa faɗi. Na ce su warware. Ɗaya daga cikinsu, Sadiyatu, ta tambaye ni ko Turawa za su tafi da wutar lantarki in za su tafi. Na ce a'a, za su bar mana ita da duk abin da ke damunta.

Laraba, 14 ga Satumba, da safe

Sun kwance zugazugin jiya, sun wanke, sun mayar. Sun canza bututun mai. Sun zubar da man tanki sun zuba sabo. Mai Lofe yakan zo da sanyin safiya, ya saurari injin yana tafiya lafiya lau, ya buga lofensa a tafin hannu, ya koma ɗaure akwatuna. Da an kashe injin an duba, komai daidai. Da rana ta take, sai ya fara haki kamar an riƙe masa wuya.

Cutar da ke zuwa da azahar ta tafi da magariba. Arzika ya kawo rubutu an yayyafa a ƙofa. Ban ga laifinsa ba, ya dai fi canza man tanki sauƙi.

Injiniya bai ci tuwo ba.

Juma'a, 16 ga Satumba, bayan an sauko daga masallaci

Na roƙe shi ya bar ni in shiga ɗakin injin, ko sau ɗaya, lokacin da babu kowa. Ya ce me mutane za su ce. Na ce abin da suke cewa yanzu fa? Ya ɗauki butarsa.

Shekara uku na yi ina karanta yadda iska ke tafiya a cikin bututu. Ban taɓa ganin nawa bututun ba.

Lahadi, 18 ga Satumba, bayan la'asar

Na je gida gaida Inna.

Tun kafin bazara rabona da zama a tsakar gidanmu da rana. Nakan je da magariba, in shige ɗakin Inna, in fito. Yau na zauna a gindin darbejiya, Atika matar yayana tana tsinke zogale, sai na ɗaga kai. Gidan ƙanƙara a tsohon turken shanun Baba aka gina shi, shi ya ba su filin. Bangonsa na gabas da katangarmu taku kaɗan ne tsakani. Nan ya kamata in ga bututu tsaye da malafarsa.

Sama ce kawai, da shirwa guda.

Inna ta ce, "Ke ɗiyag ga, mi kika nema bisa?"

Na ce ƙarfen da aka ce an kafa a nan.

"Af, wanga? Ai tun bazara aka tumɓuke shi. Kwana biyu yay yi."

Sauran Atika ce ta ba ni, tana dariya tana rufe baki. Ranar da aka kafa shi, wani leburan Mai Lofe, baƙo ne a garin, ya jingina tsani ya hau don ya ɗaure mataci. Babu gafara, babu gyaran murya. Ita tana zaune ana yi mata kitso, kai a buɗe, Inna na fitowa daga wanka. Aka yi ta gudu ana cin karo da turmi. Da Baba ya ji, ya tambaya ko hawan nan na yau kaɗai ne. Aka ce masa a'a, duk mako sai an hau an wanke matacin. Bai yi faɗa ba. Ya kira Arzika ya ce, "A hwaɗa ma mai inji, katangata gajera ta."

Shi ke nan saƙon. Washegari ƙarfe ya ɓace.

Na tambayi Inna me ya sa ba wanda ya faɗa mini. Ta ce mene ne haɗina da ƙarfen maza.

Na ci dambun da ta ba ni har na suɗe kwano. Na daɗe ban ji yunwa irin ta yau ba.

Litinin, 19 ga Satumba, bayan magariba

Na jira ya wanke hannu ya zauna. Na ce na je gida jiya, na ɗaga kai.

Ya daɗe yana kallon tabarma.

"Mahaifinki ne, Malama. Da wane baki zan je in ce masa a'a?"

"Da bakin da ka ce zanena ne ya kashe ka."

To, na rubuta ta ke nan.

Bai ba ni haƙuri ba. Ya jawo littafin aikin wata ɗaliba, ya juya bayansa, ya zana mini abin da ya gina. A wurinsa wannan ya fi ba da haƙuri wuya. Ya mai da bakin iskar zuwa bangon yamma, ƙasa ƙasa, inda ba ya kallon gidan kowa. Don ya kai can sai da ya zagaye injin, lanƙwasa uku. Gwiwoyin ƙarfe ba su isa ba, ya cike tsakiya da tiyon roba. Na tambayi tsawonsa, ya buɗe hannuwa biyu. Na tambayi ta ina ya bi, ya nuna gefen bututun hayaƙi. Ya ce kada in damu, ya naɗe shi da buhu saboda zafi.

Na ɗauko guntun tiyon da nake gwaji da shi a aji, na tsoma a ruwan zafi, na toshe baki ɗaya da yatsa, na ce ya zuƙi ɗayan. Ya zuƙa, tiyo ya manne ya zama kamar igiya. Na ce ya saki. Ya koma zagaye kamar bai taɓa yin komai ba.

Ya sake zuƙa, ya sake saki, yana kallonsa. Sai ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta da daɗin ji.

Talata, 20 ga Satumba, bayan la'asar

Ya farke buhun da tsakar rana, injin na tafiya da kaya duka. Ya ce tiyon a shafe yake kamar macijin da mota ta taka. Da suka kashe inji, a gaban idonsu ya kumbura ya koma mutumin kirki.

Na zaci yau zai ce in sake fito da zanen gabas. Ya ce zai murɗa waya ya zura a cikin tiyon don ta tokare shi. Na ce za ta tokare, amma lanƙwasa uku na nan, iskar yamma da ke tashi daga kan kwano mai zafi na nan, kuma ranar da wayar ta kuɓuce cikin fankar za ta faɗa. Ya ce a gwada.

Mutum zai yarda ya zura waya a maƙogwaron injin da aka ba shi amana, da ya tsaya a zauren surukinsa ya yi jimla biyu.

Alhamis, 22 ga Satumba, azahar

Ruwan toka mai duhu. Ba baƙi ba, ba fari ba. Kuma ɗakin sanyi rabinsa ne da kaya.

Juma'a, 23 ga Satumba, da yamma

Sun gwada shi da injinan sanyi duka a kunne. Bai mutu ba, amma ya kasa ja. Ƙanƙara ta fara zufa. Wani ɗan kwamiti ya tsaya a ƙofa ya tambayi Mai Lofe, a gaban ma'aikata, ko wayar tarho ta Ikko tana aiki ranar Asabar.

Na zauna da rula. Abin da Baba ya ƙi shi ne mutum a sama duk mako. To me ya kai mataci sama? Iskar ce ake so daga sama. Na sauko da matacin ƙasa, a akwatin ƙarfe jikin bango, daidai ƙirjin mutum, ta ɓangarensu. Bututu ya tashi daga kansa ya miƙe, a ƙarshensa malafa da raga kawai. Na ƙara masa faɗi kaɗan don ya biya lanƙwasar da ta ƙaru. Hawa ɗaya ranar kafawa, daga nan babu mai sake hawa.

Na ajiye takardar a kan faifan tuwonsa. Ya karanta, ya ce yana da kyau. Ya ce amma ƙarfen zai leƙa gidan Alhaji. Na ce zan je. Bai ce je ki ba, bai ce kada ki je ba.

Lahadi, 25 ga Satumba, bayan la'asar

Baba na zaure, ya sallami masu cinikin bijimai, yana cin goro. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ta-Ibadan, lahiya da takarda?" Bai taɓa kiran sunana ba, ni ce 'yarsa mace ta fari, kuma tun da na dawo ya samu laƙabin da ya fi sunana Karimatu yi masa daɗi.

Na faɗa masa komai, ban rage ba: kwamiti, naman biki, mutumin Ikko, Zariya. Na ce in an mai da shi Zariya da ni za a tafi. Nan ya daina tauna.

Ya tambaya me ya hana mai injin zuwa da kansa tun bazara.

Na ce kunya, Baba.

Ya ce, "Awo. Da ya zo, da na ce ba ya da kunya."

Ya faɗi haka da zuciya ɗaya, bai ga abin dariya a ciki ba. Ni ma na riƙe fuskata.

Ya karɓi zanen ya riƙe shi a juye. Na gyara masa. Na nuna masa inda matacin ya sauko, na ce babu mai sake hawa. Ya bi bututun da ɗan yatsa har malafa, kamar yana laluben tozon bijimi. Ya tambayi wa ya zana. Na ce a gidanmu aka zana. Ya dube ni ta saman takardar, bai ƙara tambaya ba. Shi ne ya sai da shanu ya tura ni karatu, lokacin da duk unguwa ke cewa ya zautu.

Ya ce ƙarfe ba ya da ido, a kafa. Amma ba ya son baƙo a bisa katangarsa ko sau ɗaya. Mai injin na gida ne, shi zai hau da kansa. Kuma ya yi gafara da ƙarfi, yadda kowane magini ke yi, don mata su ji su shige.

Litinin, 26 ga Satumba, da safe

Ya ce ba zai iya ba.

Shekara biyu da aurenmu, bai taɓa wuce zaure na biyu ba. Daga bakin titi yake cire takalmi. Inna ba ta san muryarsa ba, in ya gaishe ta ƙasa yake gaya wa. Yanzu a ce ya tsaya a saman kan Alhaji ya ɗaga murya cikin gidansa. Ya ce ko Arzika ya hau, ai shi ma ɗan unguwa ne. Na ce Baba bai ce Arzika ba.

Ina jin Baba ya san abin da ya yi. Ban tabbata ko horo ba ne ko kyauta.

Talata, 27 ga Satumba, azahar

Arzika ya gama walda. Akwati na jikin bango, bututu na kwance a ƙasa. Jibi da asuba za a fara yanka.

Tsani na jingine, babu kowa a kai.

Laraba, 28 ga Satumba, bayan la'asar

Na ce wa shugaba kaina na ciwo, na tafi gida da hantsi. Ban gaya wa Injiniya zan je ba. Na zauna gindin darbejiya. Inna na ɓarar gyaɗa, Atika na shanya, Baba ya shigo ciki abin da bai saba ba da rana, ya sa an shimfiɗa masa buzu wai zai duba ɗan maraƙin da aka ɗaure.

Muka ji ƙafar tsani ta daki bango. Shiru. Sai gyaran murya. Shiru kuma, har na fara lissafin kayan da za su shiga akwati ɗaya in za mu Zariya.

Sannan murya ta fito, siririya, kamar ta mai neman bashi: gafara dai, za a hau.

Baba bai ɗaga kai daga maraƙin ba. Ya ce wa Inna, "Kin jiya wani abu?" Inna ta ce ita dai ba ta ji ba.

Na biyun ya fito da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Tantabaru suka tashi.

"Gafara dai, masu gida! Za a hau!"

Inna ta kwashi gyaɗarta, Atika ta bar zani a igiya, suka shige suna ƙunshe dariya. Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana yafuto ni. Ban tashi ba. Daga ɓangarensu ba a iya ganin ko bututu ya miƙe, wurin ya yi ƙunci. Daga inda nake ake gani.

Hularsa ta fara bayyana, sannan fuskarsa, idonsa a kan ƙarfe kamar an ɗaure shi a can. Suka turo bututun daga ƙasa, ya kama, ya zura a ɗamara. Bututun ya karkace wajen kudu, bakin malafar kuma na fuskantar bututun hayaƙi, inda zai sha abin da injin ya fitar. Na yi tari. Ya duba ƙasa ya gan ni, ya ga Baba, tsani ya yi rawa.

Baba ya tashi, ya ja buzunsa, ya juya ya ba katanga baya, ya ci gaba da yi wa maraƙi magana.

Na ɗaga hannu na nuna arewa. Ya matsa. Na nuna kaɗan kuma. Na juya yatsa, ya juya malafar ta kalli gabas. Na dunƙule hannu. Ya ɗaure.

Da zai sauka ya ce, a hankali, bai kalli kowa ba, "An sauka lafiya, Alhaji."

Baba ya ce wa maraƙin, "Madalla."

Alhamis, 29 ga Satumba, azahar

Siriri. Ruwan toka. Na bar 'yan mata suka yi ta surutu.

Juma'a, 30 ga Satumba, bayan magariba

Ɗakin sanyi cike yake har ƙofa tun jiya, injin bai yi tari ba. Kwamiti sun zauna bayan Juma'a, ba a buga waya Ikko ba. Mai Lofe ya miƙa wa Injiniya makullai, ya zagaya ya ga akwatin matacin, ya tambayi yadda aka yi tunanin sauko da shi ƙasa. Arzika ya gaya wa matarsa, ita ta gaya wa mai nono, cewa Injiniya ya amsa, "A gida aka zana, ranka ya daɗe. Ni kafawa na yi." Baturen ya ɗauka gidan ƙanƙara yake nufi. Arzika bai ɗauka haka ba.

Gobe 'yan ajina za su yi maci da tutocinsu. Har yanzu koren ya ɗan fi faɗi.

Ya cinye tuwon. Ya turo mini kwano ya tambaya ko da saura a tukunya.